Nomau da Turbon Goggo

A Unguwar Marke, can ƙasan Tudun Sauke, akwai wani gida mai ƙofar langa-langa da kowa ya sani saboda mutum biyu da mota ɗaya. Babban shi ne Haladu direba, mutumin da ko sallama ka yi masa sai ya tsaya nazarin abin da ka zo nema. Ƙaramin shi ne Nomau, magidanci ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ƙato, ga ƙarfi ga haƙuri, ga ƙafa fankameme da ba ta samun takalmi a kasuwa sai dai a yanka masa na taya. Abu ɗaya Allah bai ba shi ba, wato abin da ake tace magana da shi. Yadda ka faɗa haka zai yi, ba ƙari ba ragi. Matarsa Tabawa ta daɗe da gane haka, ba ta aikensa sai ta auna kowace kalma. Haladu kuwa, da duk wayonsa, har yau bai koyi wannan darasin ba.

Motar a-kori-kura ce mai shan dizal, gadon mahaifinsu, ta tsufa har mutanen gari suna kiranta Goggo. Ƙofar direba ma ba ta buɗuwa sai ta waje. Ranar da tsohon zai cika, ya kama hannun Nomau ya ce, "Kada ka bar ɗan'uwanka shi kaɗai a motar nan." Shekara goma sha ɗaya ke nan Haladu bai sami ko gyangyaɗi a cikin Goggo shi kaɗai ba. Da ya buɗe ido zai ga Nomau a gefe yana kallonsa, abin yana ƙona masa rai ƙwarai.

Aikin Goggo shi ne kwasar tumatir daga fadama zuwa Mararraba, saman tudu, inda manyan motoci ke jira a bakin kwalta. To bara ta gaza a tsakiyar hawan da cikakken lodi, aka sauke kwanduna a rana, rabi suka zama miya. Bana Malam Gwadabe, shugaban masu lambu, ya ce lodi ɗaya zai ba su na gwaji. In ta hau a tashi ɗaya, aikin nasu ne. In ta tsaya, ya kira motar birni. Haladu ya ce in haka ta faru ba zai ajiye ƙarfe yana cin wuri ba, 'yan gwangwan zai kira su yanka ta. Nomau ya ji wannan maganar har cikin cikinsa, don kujerar da babansu ya zauna a kai tana nan da lotsawar jikinsa.

Sabon inji ya fi ƙarfinsu. Sai Oga Ilu, bakaniken Mararraba, ya ce a sa mata turbo na hannu. Wani ƙarfe ne mai kama da dodon koɗi, hayaƙin salansa ke juya shi, shi kuma ya riƙa ɗura wa inji iska, sai tsohuwa ta sami numfashin hawa. Aka sayar da rago aka haɗa da ɗan abin da ke ƙasa. Ana cikin shiri Haladu ya faɗo daga saman rumbu ya karya ƙafar hagu, mai ɗori ya ɗaure shi a tabarma. Haka dole ta sa aikin ya koma hannun Nomau.

Wata rana Haladu ya kira shi zai aike shi kasuwar kayan mota a birni. Ya ce, "Buɗe kunnenka. Mutanen nan duk macuta ne. Wanda suka fara nuna maka, kada ka saya, shi suke neman kai da shi. Wanda yake ƙyalli, wanke shi aka yi don a ɓoye aibi. Wanda suka ce ba na sayarwa ba ne, shi ne mai kyan, nasu suke ɓoye wa." Nomau ya maimaita sau uku ya hau mota. A kasuwa ya faɗa hannun wani dattijo mai tsoron Allah, wanda ya ɗauko masa turbo ya ce, "Maigida, ga wannan. Motar ta baya aka buge ta, injinta ko ƙwarzane babu."

Nomau ya ce, "Shi ne na farko?"

"Na farkon me?"

"Da ka nuna mini."

"Shi ne."

"To ba na so."

Dattijo ya kawo na biyu, Nomau ya ga fuskarsa a jiki ya ce, "Wa ya wanke shi?" Ya ture. Can sai ya hango wani baƙi ƙirin a ƙasa, an tokare ƙofar shago da shi. Dattijo ya ce, "A'a, wannan ba na sayarwa ba ne, ya gaji." Nomau ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo, ya zauna daɓas a kan turbon ya ce ba zai tashi ba. Tun dattijo na rantsuwa har shi ma zargi ya kama shi, ya ɗaga ƙarfen ya girgiza a kunne ko an ɓoye wani abu a ciki bai sani ba. Da bai ji komai ba, ya tara maƙwabta ya ce su shaida ya faɗi gaskiya, sannan ya sallama. Da Haladu ya ga abin da aka kawo, ya ji yadda aka yi, ya daki tabarma don daɗi ya ce, "Ka gani ko? Har da tara shaidu don su ruɗe ka!"

Wata rana Oga Ilu ya zo ya ja Goggo zuwa garejinsa. Da ya juya turbon a hannu ya ce wannan ya sha duniya, gara a mayar. Nomau ya kai saƙo gida, Haladu ya ce, "Dole ya ce haka, so yake ya musanya shi. Ka ce ya ɗaura. Kai kuma kada ka ɗauke idonka daga kansa." Nomau ya koma ya sami tsohuwar taya ya zauna, ya kafa wa Oga Ilu ido. Oga Ilu ya shiga ƙarƙashin mota, Nomau ya kwanta a gefensa. Ya tafi cin shinkafa da wake, Nomau ya tsuguna a gabansa yana bin kowace loma da kallo. A masallaci Nomau ya tsaya a sahun baya daidai ƙeyarsa. Da Oga Ilu ya ɗauki buta ya zagaya bayan gareji, ya waiwayo ya ga ƙato a tsaye, sai ya yar da butar.

Ya ce, "Nomau, don girman Allah, me na yi maka?"

"Ba komai, Oga."

"To wa ya turo ka? Wani abu aka ba ka ka zuba mini?"

"Ido kawai aka ce in sa."

Ranar Oga Ilu bai ƙara shan ruwan randar garejin ba. Motar kuwa tana can buɗe ba mai kallonta, har akuyar mai shayi ta cinye takardar gaskit ɗin da aka yanka tun safe.

Wata rana Haladu ya tuna wata cutar da bai toshe ba. Ya ce, "Bakanike kan ɓoye tsofaffin kaya ya sayar. Duk abin da ya cire daga jikin Goggo ka dawo mini da shi gida, ko noti ɗaya ne." A ranar Oga Ilu ya kwance bonet don ya sami sarari, ya cire lagireto da fanka da batir ya jingine, ya zuba notuna a gwangwani, da nufin gobe ya mayar da kowanne wurinsa. Yana tafiya sallar la'asar, Nomau ya tsaya a tsakiyar gareji cikin matsala, ga umarnin ido ga umarnin kaya. Sai ya zaɓi sabon. Ya ari amalanke ya loda komai ya gangara Tudun Sauke da su, yana jan birki da dugadugansa. Tabawa ta dawo daga rijiya ta tarar da lagireto a kan gadonta an lulluɓe shi da zane.

Da safe Oga Ilu ya ga wayam. Ya ɗora hannu a ka, ya shaƙe wuyan mai faci na kusa da shi, mai faci ya ce a tambayi mai shayi, mai shayi ya ce shi akuyarsa kawai ya sani. Ana shirin zuwa wurin mai unguwa sai ga Nomau ya iso da fara'arsa yana tambaya ko an cire wani abu yau. Da aka gane inda kayan suke, Oga Ilu ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Nomau ya sake turo amalanken ya hawo tudu, gumi har cikin takalmi. Haladu kuma da ya ji labari cewa ya yi, ko ba komai yanzu bakanike ya san ana ƙirga masa notuna.

Wata rana aiki ya ƙare. Da yake babu kuɗin sayen komai sabo, Oga Ilu ya yi ta ƙira da walda. Akwatin iska na da bai sami wuri ba, sai ya fito da bututun shan iskar ta gefen bonet, ɓangaren fasinja, bakinsa kamar na kofin shayi. Ya tuƙo Goggo har ƙofar gida tana wani fito siriri da ba a taɓa ji ba. Kafin ya hau acaɓa ya koma, ya bar wa Nomau magana biyu. Ya ce, "Turbo ba ya son a kashe shi da zafinsa. Bar inji ya yi ta aiki a tsaye har ya huce, sannan ka murɗa makulli. Na biyu, duk lokacin da mota ta tsaya ka rufe bakin bututun nan, kada zanzaro ya yi gini a ciki." Nomau ya ɗaga bonet ya tofa yawu a kan turbo, ya yi cuu. Bai huce ba. Bayan azahar ya tofa, cuu. Bayan la'asar ya tofa, cuu. Tabawa ta kawo masa tuwo nan gindin mota, ya karɓi kwanon, ya riƙe murfin. Gab da magariba Goggo ta yi tari biyu ta mutu da kanta, ta shanye man da aka tanada don ranar gwaji. Nomau ya jira ƙarfe ya yi sanyi, ya murɗa makulli yadda aka ce, ya kifa murfin kwano a bakin bututu. Haladu da ya ji tanki ba ko ɗigo, ya rantse maƙwabcinsu mai injin niƙa ne ya zuƙe da tiyo, ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwarsa.

Wata rana aka kwance wa Haladu ɗori. Ƙafar ta yi tauri, amma ya ce zai iya taka kuloci. Ana gobe gwaji suka fita ba lodi don ya ji hannun motar. Shanu suka tare hanya, ya tsaya. Nomau ya dira kamar yadda ya saba in zai sa waigi ya tokare taya, sai inji ya mutu. Aka tayar. Suka tsaya gaida wani tsoho, Nomau ya dira, inji ya mutu. Haladu ya ce mai sayar da dizal ya haɗa da ruwa. Karo na uku ya ce ba ruwa ba ne, Malam Gwadabe ne ya yi musu asiri don ya ba surukinsa aikin. Karo na huɗu ya leƙa ta gilashi, ya ga ƙaninsa ya zaro murfin kwano daga cikin riga ya kifa a bakin bututu, inji ya shaƙe ya yi shiru.

Ya ce, "Nomau! Uban me kake yi?"

"Mota ta tsaya, Yaya. Oga Ilu ya ce in rufe."

"Ka toshe mata hanci, da me za ta yi numfashi? Kada in sake ganin ka rufe bututun nan da murfin nan!"

Nomau ya ce to. Da suka koma gida ya mayar wa Tabawa murfinta. Amma maganar Oga Ilu tana nan ba wanda ya janye ta, shi kuma ba ya yar da magana don an ɗora wata a kanta.

Wata rana, ita ce ranar gwajin, aka yi wa Goggo lodi tun hantsi, kwanduna hawa uku. Duk tsawon lodin inji na kashe, Nomau na tsaye ya rufe bakin bututu da tafin hannunsa, 'yan lodi suna ta dariya. Malam Gwadabe ya shiga gaba don ya gani da idonsa, Nomau ya rufe wa yayansa ƙofa ya haye saman kaya. Goggo ta kama Tudun Sauke tana fito. Ta wuce inda aka saba sauke kaya. Ta wuce kukar da ta mutu a gindinta bara. Nomau yana sama yana ta kiran sunan Allah, ƙirjinsa kamar zai fashe don murna. Tayoyin gaba na taka saman tudu, daidai ƙofar garejin Oga Ilu, sai fiton ya koma kururuwa.

Tsohon turbon nan na tokare ƙofa ne ya saki. Baƙin mai ya ɓalle ta cikinsa ya shiga inji, inji ya kama shan man jikinsa yana ƙara gudu ba mai taka totur. Haladu ya fizge giya ya danne birki, mota ta tsaya cak, amma ƙarar sai hawa take yi. Ya murɗa makulli ya zare shi gaba ɗaya, ko gezau. Farin hayaƙi ya rufe hanya. Wani ya yi ihu, "Za ta fashe!" Malam Gwadabe ya ɓalle ƙofa ya faɗa kwalbati, masu shayi da masu rake suka watse, Oga Ilu kansa ya yi bayan gareji. Haladu ya daki ƙofarsa, ba ta buɗuwa ta ciki. Ya yunƙura ya bi ta ɗaya ɓangaren, ƙafar ta maƙale a ƙarƙashin sitiyari. Ya hango inuwar ƙaninsa cikin hayaƙi ya ƙwala masa kira, "Gudu, Nomau! Ka gudu!"

Nomau ya dira. Ya duba, mota dai ta tsaya. Murfi an hana. Ya kai hannu, iskar ta fizgi hannun rigarsa kamar za ta haɗiye. Sai ya tuɓe takalminsa na taya, wannan fankamemen, ya manna a bakin bututu. Bututu ya cafke takalmin ya tsotse shi tam. Inji ya yi gurnani, ya jijjiga motar har kwando ɗaya ya faɗo, ya yi tari, ya mutu. Wurin ya yi tsit, sai tumatir da ke gangarawa kan kwalta.

Oga Ilu ne ya fara leƙowa. Ya zo yana sanɗa, ya ga takalmin, ya dubi Nomau sama da ƙasa. Ya ce in inji ya kama shan baƙin mai ba makullin da ke kashe shi, sai an toshe masa iska, kuma da an ƙara minti ɗaya da fistin ya fasa inji ya fito, Allah kaɗai ya san inda zai nufa. Ya ce, "Wa ya koya maka wannan?" Nomau ya ce, "Kai, Oga. Saboda zanzaro." Malam Gwadabe ya fito daga kwalbati ba hula, ya kalli lodin, ya kalli tudun da ke bayansu, ya ce shi dai abin da ya ce ta hau, kuma ta hau. Aikin nasu ne, amma a canza wannan dodon kafin ya sake shiga.

Nomau ya zagaya da ƙafa ɗaya ba takalmi ya buɗe wa yayansa ƙofa. Haladu bai sauko ba.

Ya ce, "Ban ce ka gudu ba?"

"Ka ce, Yaya."

"To me ya tsayar da kai? Kai da ba ka tsallake magana."

Nomau ya sosa ƙeya ya ce, "Baba ya riga ka faɗar tasa."

Haladu ya juya fuska ya ce hayaƙin nan ya shigar masa ido. Ya daɗe yana gogewa da hula. Sannan ya ce gobe a koma wurin dattijon nan na kasuwa, a ba shi haƙuri, a karɓo na farkon da ya nuna. Nomau ya buɗe baki zai tuna masa abin da ya ce a da, Haladu ya ce ya sani, shi ma bai manta ba.

Aka kwashe kwanduna zuwa babbar mota, rana ta take, gajiya ta sauko wa Haladu. Ya jingina a kujerar babansu zai runtsa. Ya rufe ido ya buɗe, ya ga gefensa ba kowa, don Nomau na can yana kokawar ɓamɓaro takalminsa daga bututu. Haladu ya leƙa ta taga ya ce, "Nomau, bar takalmin nan. Shigo ka zauna mana."